Inna Etelka Mai Riƙon Makullai

A Rigod in ka ce "mai makullai", kowa ya san Inna Etelka kake nufi. Ni ne direban motar gari, ƙaramar bas ɗin nan da ke kai tsofaffi asibiti, ta kawo musu magani da abincin rana, don haka shekara goma sha huɗu kusan kullum sai na tsaya a ƙofar gidanta. Sunana Ambrus, amma ba ta taɓa kirana da shi ba. "Ɗan Jolan" take ce mini, da sunan mahaifiyata, har furfura ta cika mini kai.

A gidan da ke bakin gada aka haife ta, aka kai ta aure gida na bakwai daga coci, kuma wannan ita ce ƙaura mafi nisa da ta taɓa yi. Shekara talatin da ɗaya tana kiwon maruƙa a gonar haɗin gwiwa, har aka rushe gonar. Mijinta Vendel maƙeri ne, mutum mai shiru-shiru, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Gajeriya ce kakkaura, hannuwanta kamar na mai faskare, in ta yi magana a ƙofar gida har kanti ana jin ta.

Gidan da ke kallon nata, tsallaken titi, na Piroska ne. Shekara ɗaya aka kawo su amare layin, wata guda tsakani, tun daga nan kuma ba su daina faɗa ba, ba su kuma taɓa wuni ba su ga juna ba. Abin faɗan nasu mushkatli ne, jan furen nan da kowace mace ke jerawa a taga.

"Ke Piroska," Inna Etelka za ta ƙwalla daga tagarta, "furanni ne waɗannan ko kabeji kika jera?"

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji Piroska. "Naki fa? Ko akuya ta gani sai ta kau da kai."

An jima kaɗan sai ka gan su kan benci ɗaya, kowacce da kofin gahawarta, suna tsefe mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Suna da wata al'ada: da safe kowacce ta ɗage labulen tagarta. In ƙarfe bakwai ta yi labulen ɗaya bai ɗagu ba, ɗayar za ta tsallaka ta duba lafiya.

Shekarar da mijin Piroska ya rasu, hunturu ya shigo da wuri. Santsin ƙanƙara ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya karye. Ɗanta Kalman, wanda ke aiki a Jamus, ya zo ya ce zai tafi da ita ta yi hunturun a wurinsa. Ni na kwaso kasaken furanninta guda goma sha huɗu na sauko da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Inna Etelka, inda ake ɓoye su daga sanyi. Piroska tana kwance a kujerar bayan mota ta miƙo makulli ta taga.

"Kada ki cika musu ruwa, na san halinki."

"To ki tsaya ki ba su da kanki mana, gurguwa."

"Tare da shamuwa zan dawo. Ki ajiye mini wurina a benci."

Shamuwa ta dawo kan turken lantarkin da ke gaban coci, ta yi 'ya'ya, ta tafi. Piroska ba ta dawo ba. Kullum ranar Lahadi bayan coci takan bugo waya, kullum kuma da dalili: likita ya ce a ƙara wata uku, matar Kalman ta haihu, yanzu kuma sanyi ya sake shigowa, wa zai yi tafiya. Inna Etelka ta fito da kasaken da bazara ta jera su a tagogin ƙawarta, da kaka ta mayar da su ƙasa. Haka shekara ta bi shekara.

A tsakanin nan garin ya yi ta zubewa. Aka rufe makaranta. Matasa suka bi aiki, tsofaffi suka bi matasa ko suka bi hanyar maƙabarta. Duk wanda zai rufe gida sai ya ce, ai Etelka tana riƙe da na Piroska, ɗaya a kan ɗaya ba nauyi ba ne. Kafin a ankara makullai tara ne rataye a bayan ƙofarta, kowanne da tsumma mai launinsa don kada ta rikita su.

A shekara ta shida ne magajiyar garinmu, Aranka, ta tara mu a tsohon ajin makaranta ta ce ta sa sunan Rigod a gasar furanni da tsabtar ƙauyuka. Aka bushe da dariya. Tsoho Boldizsar, wanda matacciyar tarakta ta shekara goma a ƙofar gidansa, ya ce, "Ranki ya daɗe, gasar ciyawa dai, wannan kam ba mai ja da mu."

Aranka ba ta yi dariya ba. Ta ce lambatu za a iya yashewa, katanga za a iya shafe ta da farar ƙasa, amma gidajen da ba kowa fa? Alƙalan gasa a ƙafa suke zagaya gari, taga-taga suke dubawa.

Inna Etelka ta miƙe daga ƙaramar kujerar 'yan makaranta da ƙyar. "Tara nawa ne. Ku bar mini su."

"Inna, shekarunki saba'in da huɗu fa."

"Ke na tambaya ki ƙirga mini? Ɗan Jolan ya kawo mini ruwa kawai."

Tun watan Fabrairu ta fara. Ta yanki rassan furannin Piroska ta dasa a gwangwanaye da tsofaffin kofuna, har ba wurin aje ƙafa a ɗakin girkinta. Daga kasko goma sha huɗu ta fitar da dashe fiye da ɗari. Da sanyi ya ja baya gari duka ya fito. Aka yashe lambatu, aka yi wa rumfar jiran bas fenti, aka nome maƙabarta. Taraktar Boldizsar ta ƙi motsi ko da shanu, sai mata suka cika ta da ƙasa suka shuka mata furanni, shi kuma ya koma zama kusa da ita yana korar kaji kamar shi ya kawo shawarar. Ni na ɗaura tanki a bayan mota ina bin layi safe da yamma.

Gidaje takwas Inna Etelka ta share, ta wanke gilasai, ta jera furanni, ta tsaya nan. Na Piroska kuwa abin ya wuce gasa. Ta cire labulaye ta wanke ta goge. Ta shafe bango da hannunta, ta hana kowa taɓawa. Ta shanya tsohon gyalen Piroska a igiya, ta aje takalman lambunta a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗan karkace, kamar yanzu aka tuɓe su.

Wata Lahadi ina tsaye a ɗakin girkinta na ji tana cewa a waya, "Gidanki ya fi nawa kyau yanzu, abin haushi. Ki zo ki gani da idonki."

Ban ji amsar ba. Na dai ga ta aje wayar a hankali, ta ce mini, "Wai in likita ya bari."

Sau biyu ta faɗi a wannan bazarar. Na farko da garwar ruwa a matakalar gidan Piroska, gwiwarta ta fashe. Na biyu na same ta zaune a ƙasa cikin lambun, fuskarta ta yi fari fat, ba ta san tsawon lokacin da ta yi a wurin ba. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "In ka faɗa wa wani, ba ni ba kai." Na yi mata alkawari.

Alƙalan sun zo a tsakiyar Yuli, rana tana dukan kai. Su uku ne: mata biyu da takardu, da wani dattijo mai malafa wanda ba ya rubuta komai, sai dai ya tsaya ya daɗe yana kallo. Muka bi su a baya kamar masu rakiyar amarya. Da suka iso gidan Piroska dattijon ya ja ya tsaya. Tagogi huɗu sun yi jawur, gyale yana kaɗawa a igiya.

"Wannan matar ta san abin da take yi," in ji shi. "Bari in gaishe ta."

Ya tura ƙyauren shinge, ya hau matakala, ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake ƙwanƙwasawa. Aranka ta yi gyaran murya ta ce, "Ina jin ta ɗan fita kasuwa, yallaɓai."

"Ba ta fita kasuwa ba," in ji Inna Etelka daga bayanmu. "Ba ta nan, yallaɓai. Shekara shida ke nan."

Ta ratsa mu, ta zaro makulli mai jan tsumma daga aljihunta ta buɗe. Warin rufaffen ɗaki ya fito. Kujeru lulluɓe da zannuwa, agogon bango a tsaye, kalandar shekara shida baya. Dattijon ya leƙa, ya juyo ya dubi takalman da ke bakin ƙofa.

"Waɗannan fa, Inna? Don mu aka aje?"

"Ku su wa? Ranar da za ta sauko daga mota, ba na so ta ji kamar baƙuwa ce."

Ya cire malafarsa ya riƙe. Ya tambayi gida nawa ne irin wannan, ta ce tara. Ya ce ta nuna masa su duka, ta kuwa ja shi gida-gida cikin ranar nan tana gaya masa sunan masu shi da inda kowa ya tafi. Aranka ta raɗa mini cewa shi ke nan, mun faɗi.

Ba mu zo na ɗaya ba, wani ƙauye mai tafki ne ya ci. Amma an ba Rigod lambar yabo ta musamman, aka kafa mana allo a bakin gari, jaridar lardi kuma ta buga hoton gidan Piroska babba, da Inna Etelka a gefe tana harare-harare. Ta sa na yanke hoton na aika Jamus.

"Yanzu kam za ta zo," ta ce. "Ko don ta ce na cika musu ruwa."

Lahadi biyu wayar ba ta yi ƙara ba. A mako na uku Kalman ya kira ni, ni kaina. Ya ce mahaifiyarsa ta ga Etelka ta rame a hoton, in gaya masa gaskiya, lafiyarta ƙalau? Da ya matsa, na faɗa masa zancen faɗuwar nan biyu. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

A watan Satumba wasu mata da miji 'yan ƙasar Holan suka zo da jaridar a hannu suna zagaya gidan. Ba a daɗe ba labari ya cika gari cewa za a sayar musu. Inna Etelka ta ɗora laifin duka a kan Kalman. Ta ce tun yana ƙarami idonsa a tsaye yake, ya kulle uwarsa a bene yana sayar da gidanta tana raye.

Piroska ta iso a watan Oktoba don sa hannu a takardun cinikin da kwashe kaya, kwana uku kawai. Na ga saukowarta. Ta yanke gashinta, tana sanye da wando, tana tura wani keken ƙarfe na dogarawa. Inna Etelka ta tsallako titi ba ko gyale. Suka tsaya suna kallon juna.

"Kin tsufa," in ji Piroska.

"Ke kuma kin koma namiji."

Sai suka rungume juna, keken yana tsakaninsu, suka daɗe a haka. Kalman ya ɗauki mahaifiyarsa cak ya haye matakala da ita. Ina shigo da akwati na ji Inna Etelka ta fara: kada ta sa hannu, doka ba ta ba yaron nan iko ba, ita za ta riƙa dafa mata, ta yi mata wanka in ta kama.

"Etelka," in ji Piroska, "ba Kalman ba ne. Ni na ce a sayar."

Inna Etelka ta dube ta kamar ba ta gane yaren ba. Ta aje makullin a kan tebur, ta fita, ta tsallaka titi, ta saki labulenta. Washegari bai ɗagu ba. Na kai mata abinci ta karɓa ta ƙofa ta rufe.

Rana ta uku, wadda za su tafi da yammarta, na zo da abincin rana na tarar da Piroska zaune a bencin ƙofar Inna Etelka, iska mai sanyi tana kaɗa mata gashi. Ita kaɗai ta turo kekenta ta tsallako. Ta ce tun ƙarfe goma take nan. Tana magana da rufaffiyar taga.

"Ni dai ba inda za ni. In sanyi ya kashe ni a ƙofarki, ke za a tambaya."

Ƙofa ta buɗe. Inna Etelka ta fito da bargo ta jefa mata a cinya, ta zauna can ƙarshen benci tana kallon titi.

"Shekara shida kina mini ƙarya."

"Biyar," in ji Piroska. "Shekarar farko ni ma na yarda zan dawo. Kin ga yadda aka ɗauke ni shekaranjiya kamar buhun dankali? Matakala uku, Etelka. Matakala uku na ƙofar gidana ba na iya hawa. Duk Lahadi sai in ce yau zan gaya miki, sai in ji muryarki kina ba ni labarin tagogina, sai bakina ya mutu."

"To me ya buɗe shi yanzu?"

"Hoton. Kwana uku ina kuka a kansa. Na ga gidan ya yi ƙiba ke kin rame. Sannan aka ce mini sau biyu kina faɗuwa da garwa."

Inna Etelka ta juyo ta dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da kwanon abincin.

"Kada ki cinye shi da ido, ni na sa aka matsa masa," in ji Piroska. "Na ce wa Kalman, in ba a sayar da gidan nan ba, shi zai kashe ta. Gara in ji hayaƙin baƙi yana fita ta bututunsa."

"Wa ya ce miki na gaji?"

"Ba ki gaji ba. Ke ai ba ki da wannan hankalin."

Inna Etelka ta yi wata 'yar dariya wadda ta ƙare da shessheƙa. Ta matso. Na aje abincin a gefe, miyar wake ce da burodi, suka ci a kwano ɗaya da cokali biyu, suna gardamar ko gishiri ya yi yawa. Da Kalman ya kawo mota Piroska ta ce kasko ɗaya kawai za ta ɗauka, tagarta a can ƙarama ce. Suka ɓata kusan rabin sa'a suna faɗa a kan wanne.

Kusan wata uku Inna Etelka ba ta ce mini uffan ba. Ran nan cikin Janairu na kawo magani, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗan Jolan, jirgin ƙasan Jamus daga ina yake tashi?"

Matar da ba ta taɓa kwana a wajen lardinmu ba. Na kai ta tasha da jaka ɗaya da kwalin busasshiyar tuffa da garin barkono, na rubuta mata sunan tashar da za ta canja jirgi a takarda, ta cusa a safar hannu. Kwana goma sha biyu ta yi. Da na je ɗauko ta ta shiga mota, muka kama hanya har muka wuce gonakin masara.

"Hawa na huɗu take," ta ce daga baya. "Tagarta bangon wani gida take kallo. Ɗakin da ɗumi kam, ba laifi. Jikokin suna da ladabi, sai dai rabin maganarsu ba na ji." Ta gyara jakar da ke cinyarta. "Sau huɗu muka yi faɗa. Rabon da in ji daɗi haka na manta."

Kalman ya roƙe ta ta ƙara kwana biyar ta kai ƙarshen wata, ta ƙi, ta ce lokacin yankan dashe ya yi, gari ya sake shiga gasa. Suka rabu a kan za ta koma hunturu mai zuwa. Piroska ta rasu a watan Nuwamba, mako uku kafin ranar da muka sa za a sayi tikiti. A can aka binne ta.

Yanzu Inna Etelka tana da shekara tamanin da uku. Ta daina ɗaukar garwa, Aranka ta raba gidajen ga matan layi, ita kuma tana zaune a benci tana gaya musu abin da suka yi ba daidai ba. 'Yan Holan ɗin mutanen kirki ne, suna zuwa da bazara, matar takan kawo mata waina ta zauna kusa da ita, ba mai jin yaren wani. Rigod ta zo ta biyu sau ɗaya, ta uku sau biyu.

Makon jiya ina mayar da ita gida daga asibiti, muna tsaye a mararrabar jirgin ƙasa muna jira ya wuce, sai ta ce, "Kwana biyar fa kawai yaron nan ya roƙe ni in ƙara."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Da na ƙara," ta ce. Jirgin ya wuce, aka ɗage sandar, muka kama hanyar gida.